Auren Haɗi A Labaran Soyayyar Indiya: Me Marubuta Ke Nunawa, Me Suke Tsallakewa?

Duk mai bibiyar labaran soyayyar Indiya, a littafi ne ko a Wattpad ko a fina-finan fassara da ake turawa a waya, ya haddace zubin nan. Iyaye sun haɗa yaro da yarinya, ba su san juna ba ko ma ba sa ga-maciji, an sha biki na kwana da kwanaki, an kai amarya, an yi ta zaman doya da manja, sai can wajen babi na talatin zuciya ta karaya. Muhawarar da ke biyo baya ita ma kusan ɗaya ce kullum. Wani ya ce wannan ai auren dole ne aka shafa masa hoda. Wata ta ce a Indiya mace ce ke biyan sadaki. Wani kuma ya rantse cewa da zarar an zagaya wuta sau bakwai aure ya ɗauru. Duka ukun akwai gyara a cikinsu, kuma gyaran ne ke fito da abin da marubutan suka ɗauko daga rayuwa da abin da suka share don kada labari ya yi ɗaci.

Haɗi daban, dole daban

A wani bincike da aka yi a 2018 kan gidaje sama da 160,000 a Indiya, kashi 93 cikin ɗari na ma'aurata sun ce iyaye ne suka haɗa aurensu. Kashi 3 kacal suka ce soyayya ce ta kai su. Wato abin da marubuci ke gabatarwa kamar wani babban ibtila'i da ya faɗa wa jaruma, a can shi ne hanyar da kusan kowa ya bi.

Sai dai haɗin ba iri ɗaya ba ne. A birane, a gidajen 'yan boko, iyaye ne ke tace masu nema, ta hannun mai dalilin aure ko dangi ko shafuka irin su Shaadi.com da BharatMatrimony, sannan a bar yaran su gana, su yi ta waya na wasu watanni, kowa da ikon cewa a'a. A ƙauyukan arewacin ƙasar kuwa abin ya fi tsauri. Babban binciken gidaje na 2011 zuwa 2012 ya nuna fiye da rabin matan aure ba su san mijin ba sai ranar biki ko dab da ita. An tambaye ta, ta sunkuyar da kai, an ce ta yarda. Bahaushe ya san irin wannan shirun.

A doka dai yarda sharaɗi ce. Dokar auren Hindu ta 1955 ta ce idan an samo yardar ta hanyar tilas ko yaudara, wanda aka zalunta na iya zuwa kotu a rushe auren, amma cikin shekara ɗaya daga ranar da tilas ɗin ya kau ko yaudarar ta bayyana. Shekarun aure kuma 18 ne ga mace, 21 ga namiji. Labaran soyayya sun fi son tsakiyar nan mai duhu-duhu: ba a ɗaure ta da igiya ba, amma uba na kwance da ciwon zuciya, ko kaka ta ce ba za ta mutu ba sai ta ga bikin. Irin wannan matsin ba ya barin shaidar da za a kai gaban alƙali, shi ya sa ya fi daɗin rubutawa.

Rariya uku kafin a kai ga shayi

Wurin da labari ya saba farawa shi ne ranar gani: dangin saurayi sun zo, yarinya ta fito da tiren shayi, an ba su minti goma su keɓe. Amma kafin wannan rana an riga an tace sunan a rariya uku, kuma marubuta ba su cika tsayawa a kansu ba.

Ta farko ita ce jati, rukunin asalin da aka haifi mutum a ciki, wanda a da yake tafiya da sana'ar gado. Akwai dubbansu. Auren da ya tsallake wannan iyaka bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari ba. Wanda ya san yadda wasu gidaje a ƙasar Hausa ke ja da baya idan aka ce mai neman ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai ya ɗan hango abin, amma na Indiya ya fi zurfi nesa ba kusa ba, domin ya haɗa da addini da wa zai ci abincin wa. Ku lura da kyau: a yawancin labaran nan jarumi da jaruma sunan gidansu na manyan rukuni ne, kuma ba a taɓa cewa uffan a kan haka. Marubuci ya kashe babbar matsalar tun kafin shafi na farko.

Ta biyu ita ce gotra, salsalar kakanni ta wajen uba. A arewa, musamman Haryana da yammacin Uttar Pradesh, 'yan gotra ɗaya tamkar wa da ƙanwa ne, ko da ba su taɓa jin labarin juna ba. Majalisun dattawa da ake kira khap sun sha yanke wa irin waɗannan ma'aurata hukunci, har da kisa, abin da ya sa Kotun Ƙolin Indiya a 2018 ta ce ba wata majalisa da ke da hurumin shiga tsakanin baligai biyu da suka yarda su auri juna. A kudu kuwa, a Tamil Nadu da Andhra da Karnataka, auren ɗan kawu ko ɗan gwaggo abu ne sananne, har akwai al'ummomin da kawu ke auren 'yar 'yar'uwarsa. Saboda haka mai rubuta auren zumunci a gidan Hindu na Delhi ko Punjab ya yi ɓatan kai, ya kai al'adar kudu arewa.

Ta uku ita ce kundali, taswirar taurarin ranar haihuwa. Ana kai wa mai duba rana da lokaci da garin da aka haifi kowannensu, ya auna abubuwa takwas masu maki daga 1 zuwa 8, jimilla 36. Ana son a samu aƙalla 18. Mafi nauyi shi ne nadi mai maki 8, wanda suke dangantawa da lafiya da haihuwa. Akwai kuma manglik, wanda duniyar Mas ta faɗo masa a wasu gidaje na taswirar, ana tsoron zai jawo wa abokin zama masifa ko mutuwa. Maganinsa ko dai a haɗa shi da manglik ɗan'uwansa, ko a fara ɗaura wa yarinyar aure da tulu ko bishiya, a fasa tulun, sharrin ya tafi da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kundali hanya ce ta ƙin mutum cikin mutunci. Idan gidan yarinya ba su gamsu da albashin yaro ba, sai a ce taurari ba su haɗu ba, kowa ya tashi ba a ɓata ba.

Bikin, daki-daki

Babu wani abu guda da za a kira bikin Indiya. Wanda ya cika littattafai da fina-finai na Hindu ne na arewa, galibi na Punjab da Rajasthan da Gujarat, irin wanda duniya ta kalla a bikin ɗan attajiri Mukesh Ambani a Mumbai a watan Yulin 2024. Ga yadda yake tafiya.

Ana farawa da roka, ma'anarta tsayarwa: gidaje biyu sun ci alawa, an daina nema. Kusan baikonmu ke nan. Sai sa zobe, sai malamin addini ya fitar da muhurat, sa'ar da za a ɗaura. Ba kowane wata ake samun ta ba. Daga wajen Yuli zuwa farkon Nuwamba yawanci ba a ɗaura aure, shi ya sa da an shiga Nuwamba zaurukan biki da masu girki da masu doki ke yin tsada, sai wanda ya kama da wuri.

Kwana biyu ko ɗaya kafin biki ake ƙunshi. Ana zana wa amarya lalle har gwiwar hannu da ƙwauri, aikin awa huɗu zuwa shida, ana ɗiga ruwan lemon tsami da sukari don kada ya bushe ya zube da wuri. A cikin zanen ake ɓoye harafin sunan ango, shi kuma ya nemo a daren farko. Ga marubucin auren haɗi wannan kyauta ce daga sama, domin ita ce hujjar farko da baƙo zai riƙe hannun baƙuwa. Sai sangeet, daren waƙa da rawa, wanda a da zaman mata ne da ganga a tsakar gida, fina-finai suka mayar da shi gasar rawa tsakanin dangi biyu. Da safiyar biki a kwaɓa kurkum da garin sandal da madara ko ruwan wardi a shafe ango da amarya, kowa a gidansu. Daga nan ba sa fita sai wajen ɗaurin aure. A Punjab kawun amarya ne ke sa mata awarwaro ja da fari, ta yi ta sawa makonni ko watanni.

Ango yana zuwa ne a kan farar goɗiya, fuskarsa rufe da labulen furanni, danginsa na rawa a gaba. Nan ake yawan samun matsala. 'Yan rakiya sukan shafe awa biyu ko uku a tafiyar da ba ta kai rabin kilomita ba, gidan amarya na tsaye a ƙofa, abinci na hucewa, sa'ar da aka tsayar na wucewa. Shi ya sa a arewa sau da yawa ainihin ɗaurin auren kan kai ƙarfe biyu ko uku na dare, bayan yawancin baƙi sun ci sun watse. A littafi zauren cike yake maƙil ana zubar da hawaye. A zahiri iyaye ne da 'yan'uwa na jiki, lulluɓe da barguna, ana zaga musu da shayi.

Bayan musayar sarƙar furanni sai a shiga mandap, rumfa mai ginshiƙi huɗu da wuta a tsakiya. Ango zai cire takalmi, ƙannen amarya mata su sace, ba za su mayar ba sai an yi ciniki, kamar dai yadda ƙawaye ke tsare abokan ango a sayen baki. Uba zai ɗora hannun 'yarsa a kan na ango a zuba ruwa, wannan shi ne kanyadaan, kyautar budurwa. A ƙulle gefen gyalenta da nasa. Ɗan'uwanta namiji ya cika mata tafi da guggurun shinkafa ta zuba a wuta. Sai zagayen wutar, wanda a wasu al'ummomi bakwai ne, a Gujarat huɗu. Ango ya sa mata jan gari a tsagar gashi, ya ɗaura mata sarƙa mai baƙaƙen duwatsu.

Sai vidaai, rabuwa. Amarya na fita tana watsa shinkafa ta bayan kanta ba tare da waiwaye ba, alamar ta biya gidan da ya ciyar da ita. Suna da wata magana da ke cewa 'ya mace dukiyar wasu ce da aka ba ka ajiya. A ƙofar gidan miji za ta ture tukunyar shinkafa da ƙafar dama, ta taka jan ruwa ta shiga tana barin sawu. Idan aka bi matakan nan a jere za a ga duk aiki ɗaya suke yi, cire yarinya daga wani gida a dasa ta a wani.

Sauran ƙasar kuwa kowa da nasa. A Bengal 'yan'uwan amarya maza ne ke ɗaukar ta a kan 'yar kujera su zagaya ango da ita sau bakwai, tana rufe da fuska da ganye. A gidajen Brahmin, wato rukunin malaman addinin Hindu, na Tamil ango kan ɗauki lema ya yi kamar ya fasa, zai tafi birnin Kashi mai tsarki neman ilimi, surukinsa ya bi shi yana lallashi. Mabiya addinin Sikh littafinsu mai tsarki suke zagayawa sau huɗu, babu wuta. Musulmin Indiya, kashi 14 cikin ɗari a ƙidayar 2011, nikah suke yi da waliyyi da shaidu da sadaki.

Taku na bakwai

Zagayen wuta daban, taku bakwai daban, ko da yake a wurare da dama an gwama su. Saptapadi taku ne bakwai da ango da amarya ke yi tare a gaban wuta, a wasu gidajen amarya na taɓa tsibin shinkafa bakwai da yatsan ƙafa. Kowane taku da abin da ake roƙo: abinci, ƙarfi, arziki, jin daɗi, zuriya, tsawon rai, na bakwai kuma abota. Sashe na 7 na dokar 1955 ya ce inda al'adar ma'auratan ta ƙunshi wannan, aure yana kammala ne da taku na bakwai. Wannan ne ya sa marubuta ke son tsayar da biki a taku na shida.

Takarda kaɗai ba ta wadatar. A watan Afrilun 2024 Kotun Ƙoli ta duba shari'ar wasu matuƙan jirgin sama biyu da suka karɓi takardar shaidar aure suka yi rajista ba tare da an yi ibadar ba, da niyyar yin biki daga baya. Kotu ta ce babu aure a tsakaninsu. Haka nan yanayin da jarumi zai fusata ya dangwali jan gari ya shafa wa yarinya a goshi a ce ta zama matarsa, a gaban alƙali wannan shi kaɗai ba ya ɗaura komai.

Wa ke biyan wa?

Abin da gidan amarya ke bayarwa sunansa dahej, kuma kiran sa sadaki kuskure ne. Sadaki haƙƙin mace ne, yana shiga hannunta. Dahej kuɗi ne da zinare da mota ko babur da firji da ke tafiya gidan ango, ana ciniki a kansa gwargwadon aikin yaron: likita da injiniya da babban ma'aikacin gwamnati kowa da farashinsa. Kuma ba ya ƙarewa ranar biki. Idan an yi haihuwa a nema, idan ƙanwar miji za ta yi aure a nema.

An haramta shi tun 1961. Mai bayarwa da mai karɓa duka suna fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba. A 1983 aka ƙara laifin cin zalin matar aure daga miji ko danginsa, a 1986 kuma aka ƙara cewa idan mace ta mutu ta hanyar da ba a saba ba cikin shekara bakwai da aure, aka kuma nuna ana takura mata kan dahej dab da mutuwar, to kotu za ta ɗauka su ne sanadi sai sun wanke kansu. Duk da haka alƙaluman hukuma sun nuna mata sama da 6,000 ne suka mutu a haka a 2022 kaɗai. A ɗaya gefen akwai mazan da ke kukan ana amfani da dokar a jefa dangi gaba ɗaya a cikin ƙara, har Kotun Ƙoli a 2014 ta hana 'yan sanda kama mutum kai-tsaye daga shigar da ƙorafi.

Wanda ya yi kama da kayan ɗakinmu shi ne stridhan, kyautar da aka ba amarya ita kanta. Nata ne ko da uwar miji ce ke riƙe da makullin akwatin, kuma ƙa'idar 1985 ta ce a rubuta jerin kyaututtukan ango da amarya su sa hannu. Gidaje kaɗan ne ke yi, sai rigima ta tashi a rasa shaida. A labaran soyayya kuwa jarumi hamshaƙin mai kuɗi ne, don haka maganar dahej ba ta ma taso ba.

Dabarun da ba za su wuce gaban alƙali ba

Auren kwangila na wata shida, wanda jarumi ke ajiye takardar saki a aljihun tebur tun daren farko, ba ya yiwuwa yadda ake rubuta shi. Miji Hindu ba ya saki da bakinsa ko da alƙalaminsa, kotu ce ke raba aure. Ba a karɓar ƙarar rabuwa kafin aure ya shekara sai da wani uzuri mai tsanani. Rabuwa ta yardar juna tana buƙatar sun shekara ba sa tare, sannan a jira wata shida, ko da yake tun 2017 kotu na iya yafe jiran.

Musanya amarya a ƙarƙashin lulluɓi, ƙanwa ta zauna a madadin yayar da ta gudu, yaudara ce da ke ba ango damar neman a rushe auren. Kishiya kuwa babu ita: tun 1955 Hindu ba ya ƙara aure matarsa na raye, auren na biyu ɓatacce ne, kuma laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Gurbin da kishiya ke cikewa a littafin Hausa, a nasu uwar miji ce da faccala da tsohuwar budurwa ke cike shi.

Masoyan da addininsu ya bambanta suna da dokar 1954 ta auren rajista, amma sai an liƙa sunayensu a ofis na kwana 30 don mai ƙorafi ya fito, sannan a kawo shaidu uku. Ga waɗanda suka gudo daga gida, kwana talatin ɗin nan su ne mafi haɗari.

Me ya sa labarin ke ci, kuma me ake zarginsa da shi?

Masu kare wannan zubi suna cewa yana ba mace abin da rayuwa ba ta cika ba ta ba: ta bi iyaye, ba ta zubar da mutuncin gida ba, kuma ta samu soyayya. Ga marubuci ma akwai sauƙi. An riga an ɗaura aure, don haka zama a ɗaki ɗaya halal ne, babu mai cewa an koya wa yara lalata. Wannan na cikin dalilan da suka sa labarin ya zauna daram a ƙasar Hausa tun zamanin da ake cika gidajen silima na Kano don kallon Indiya, ya kuma haɗu da littattafan soyayyar da suka ɓarke a shekarun 1980, waɗanda da yawansu auren dole ne jigonsu.

Masu suka kuma suna cewa darasin da ke ƙasa shi ne haƙuri da wulaƙanci. Jarumin yakan fara da tsawa da shariya, wani lokaci har da mari, sai a bayyana cewa wani tsohon rauni ne ke damun sa, ita kuma aikinta ta warkar da shi. Yarinyar da ta karanta irin wannan hamsin tana iya ɗauka duk miji mai gallazawa jarumi ne da bai kai babinsa na talatin ba. Wannan zargi yana da nauyi, kuma marubutan da suka fi gwaninta a yanzu sun fara kauce masa: ana barin jaruma ta ce a'a a ranar shayi, ta ci gaba da aikinta, a kawo maganar jati a fili.

Wajen aro ne ya kamata marubucin Hausa ya buɗe ido. Lalle da kukan rabuwa da tsare ango a yi ciniki duk muna da irinsu, suna shiga labarinmu ba tare da an ji wani banbaraƙwai ba. Amma tsoron da ke riƙe da jarumar Indiya a gidan miji ya samo asali ne daga abubuwan da ba namu ba: aure da ake ɗauka na har abada, dukiyar da ubanta ya ci bashi ya bayar, da al'ummar da bazawara ke shan wuyar sake aure a cikinta. A Kano ko Zinder mace na iya yin yaji, a bi ta biko, in abin ya ƙi a rabu ta yi idda, wani ya fito. Idan aka ɗauko jarumar da ke zaune shekara uku ana gasa mata aya a hannu ba ta ko leƙa gidansu ba aka sa mata suna Hauwa, mai karatu zai tambaya ina kawunnanta suke.